Ruwan Famfon Kano: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsaftarsa da Lafiyar Masu Shansa

A Kano maganar ruwan famfo iri biyu ce. Akwai masu tambayar yaushe zai zo, akwai masu tambayar in ya zo a sha ko kada a sha. Tambaya ta biyu ce ta tara mu a nan, sai dai ba a raba ta da ta farko, domin yawan ɗaukewar ruwan shi ne babban abin da ke ɓata shi.

Daga ina ruwan famfon Kano yake zuwa?

Mafi yawansa ruwan kogi ne. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne ginshiƙi, kuma manyan madatsai biyu ne ke riƙe musu ruwa don kada su ƙafe da rani: Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da madatsar Challawa da ke wajen Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Daga kogunan ake jan ruwa zuwa matatu. Mafi tsufa ita ce ta Challawa, wajen Panshekara, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi ta ƙara mata sassa daga baya. Sai ta Tamburawa a hanyar Zariya, wadda aka gina sabon ɓangarenta don tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari ta wajen Bagwai mai lita miliyan 75.

Waɗannan alƙaluma na abin da aka gina matatun su iya ne. Abin da suke fitarwa a zahiri ya dogara da wutar lantarki, man dizal, lafiyar injuna da samun magunguna a kan lokaci. Birnin kuma ya daɗe da fin ƙarfin bututansa. Unguwanni da dama na bayan gari an gina su an cika su ba a taɓa kai musu layin ruwa ba.

Me ake yi wa ruwan kogin kafin a turo shi gari?

Da farko ana zuba masa alif, irin dai wanda iyayenmu mata ke kaɗawa a ruwan rijiya, amma a bisa awo. Alif ɗin yana haɗa lakar da ke yawo cikin ruwa ta dunƙule, ta yi nauyi, ta kwanta a ƙasan manyan kwatarniyoyin siminti. Ruwan saman sai ya bi ta cikin yashi mai kauri ya ƙara tacewa. A ƙarshe a sa masa kulorin, wanda shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta.

Ba a sa kulorin daidai wanda zai ƙare a matata. Ana barin saura da gangan don ya raka ruwan cikin bututu, ya yaƙi duk ƙazantar da ta shigo a hanya. Abin da ake so shi ne a samu miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfon gida. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta kuma tanadi cewa kada a samu ƙwayar E. coli ko guda a cikin mililita 100 na ruwa. Ita wannan ƙwaya a hanji take zama, don haka ganinta a ruwa shaida ce bayan gida ya taɓa shi.

To tunda an tace shi, zan iya sha kai tsaye daga famfo?

Shawararmu ita ce a'a, sai an tafasa ko an sa masa magani, musamman idan akwai ƙananan yara, tsofaffi ko marar lafiya a gidan. Dalilin yana tsakanin matata da gidanka ne.

Bututun ruwa yana kare kansa ne da ƙarfin ruwan da ke cikinsa. Muddin a cike yake, ko da ya tsage, ruwa ne zai yi ta tsartuwa waje, ba abin da zai iya shiga. Da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya koma fanko, tsagar nan ta zama ƙofa. Duk abin da ke kewaye da ita zai tsiyaya ciki. Sai ka duba inda bututan unguwanninmu suke bi. A cikin birni, a Fagge, a Kurna, a Brigade, za ka ga siraran bututan roba jere cikin kwata, wasu an ɗaure haɗinsu da tsumman roba, ruwan wanke-wanke da na banɗaki na gudana a kansu dare da rana. In aka yi kwana uku ba ruwa, kwana uku ke nan kwatar na samun hanya. Ranar da ruwa ya dawo, abin da ya taru shi ne zai fara isowa bokitinka.

Akwai kuma abin da mu da kanmu muke ƙarawa. Saboda ruwan ba shi da ƙarfi, masu hali kan haɗa injin jan ruwa kai tsaye a jikin layi. Injin yana zuƙo ruwa, yana kuma zuƙo ƙazanta ta kowace tsaga da ke kusa, tasa da ta maƙwabta. Wasu kuma kan tona rami a ƙofar gida su yanke bututun a ƙasa don ruwa ya fi zubowa. Da damina ramin ya cika da ruwan titi, bakin bututun na ciki. Ba wanda zai zargi mai neman ruwan da zai yi girki, amma illar ba ta tsaya a gidansa kaɗai ba.

Kulorin ɗin da aka bari don rakiya yana da iyaka. Zafin rana na cinye shi, doguwar tafiya na cinye shi, ƙazanta na cinye shi. Gidan da ke kusa da matata ko babban layi zai iya samun ruwa mai sauran magani, na ƙarshen layi kuwa ya samu wanda ba komai a cikinsa. Shi ya sa mutum biyu za su yi musu a kan ruwan Kano, ɗaya ya ce shekara da shekaru yana sha lafiya lau, ɗayan ya ce ya kwantar masa da yara, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Ruwan ya zo ja, ko da laka, ko da wari. Me ke nan?

Ja ko ruwan ƙasa-ƙasa a farkon zuwa galibi tsatsa ce ta tsofaffin bututan ƙarfe, da lakar da ta kwanta lokacin da babu ruwa. A bar famfon ya zuba har ya washe, a tara wannan na farko don shara, ban ruwan shuka ko banɗaki. Da damina kogi kan yi kauri, matata ta sha wahalar tace shi, sai ruwan ya zo da duhu-duhu ko da an daɗe da buɗe famfo. Laka ita kanta ba guba ba ce, amma ƙwayoyin cuta na laɓewa a jikinta, kulorin ya kasa kai musu.

Fari fat kamar an zuba madara, wanda ke washewa daga ƙasan kofi zuwa sama cikin minti ɗaya ko biyu, iska ce kawai. Ba komai.

Warin kwata ko na ruɓaɓɓen ƙwai kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Kada a sha, kada a wanke kayan abinci da shi, a tambayi maƙwabta ko nasu ma haka yake. In gidanka ne kaɗai, a duba tanki da layin da ya shigo gidan. In duk layin ne, akwai inda ya fashe kusa da masai ko kwata.

Ni warin magani nake ji a ruwan. Ba zai cutar ba?

Wannan warin albishir ne, yana nuna kulorin ya iso gidanka da ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 5 a lita, hanci kuwa yana jin sa tun bai kai ko ɗaya ba. Wanda warin ya dama ya zuba ruwan a mazubi mai tsafta ya bar shi 'yan sa'o'i, zai ragu. Gaskiya ne kulorin na haɗuwa da ruɓaɓɓen ganye da ke cikin ruwan kogi ya haifar da wasu sinadarai da ba a son su yi yawa a tsawon shekaru, amma hukumar ta sha nanata cewa kada tsoron wannan ya sa a rage kashe ƙwayoyin cuta. Kwalara a yini guda take kisa.

Ruwan garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Ai mai tsarki ne?

Don alwala da wanka, malamai sun koya mana duba launi, ɗanɗano da ƙanshi, kuma wannan hukunci na nan daram. Sha kuwa wani lissafi ne. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba su canza launin ruwa ko ɗanɗanonsa, haka dalma da naitiret, wani sinadari da ke fitowa daga masai da taki. Ruwa zai iya halatta a yi alwala da shi, kuma ya kwantar da yaro a asibiti.

Waɗanne cututtuka ne ke bin ruwa?

Kwalara, wato amai da gudawa, taifot, atini, gudawar yara, da nau'o'in ciwon hanta biyu masu kawo shawara, A da E. Nau'in E ya fi muni ga mai juna biyu. Shan inna ma ta bayan gida da gurɓataccen ruwa take yaɗuwa. A 2021 Najeriya ta ga ɗaya daga cikin mafi munin annobar kwalara a shekarun baya-bayan nan: sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano, Bauci da Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Zazzaɓin cizon sauro ba a shan sa a ruwa, duk da yadda ake haɗa shi da taifot a baki ɗaya. Alaƙarsa da ruwa ita ce kwantaccen ruwa da sauro ke haihuwa a ciki.

Idan gudawa ta kama mutum kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, da ruwan da aka tafasa, a kuma nufi asibiti ana ci gaba da ba shi a hanya. Kada a jira gari ya waye.

Mu famfonmu ya shekara bai kawo ba, wajen 'yan garuwa muke saye. Yaya nasu ruwan?

'Yan garuwa su ne hukumar ruwan talaka a Kano, kuma ba don su ba da unguwanni da yawa sun tashi. Amma ruwan kura yana bi ta hannaye da yawa. Wani daga burtsatse ya ɗebo, wani daga rijiya, wani daga fasasshen bututu a bakin titi. Jarkokin ba kasafai ake wanke cikinsu ba, leƙa ɗaya za ka ga gansakuka ta yi kore a bango. Murfin ya ɓace an toshe da leda, tiyon da ake ɗurawa da shi yana kwance a ƙasa. Binciken da aka yi kan annobar kwalarar da ta auka wa Kano a 1996 ya gano abu biyu da suka bambanta waɗanda suka kamu da waɗanda suka tsira: shan ruwan da ake sayarwa a titi, da rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Abin yi shi ne ka riƙe mai ruwa guda wanda ka san inda yake ɗebowa. In da hali ka sayi jarkokinka na sha, ka riƙa wanke su da kanka kana ba shi ya ciko. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, maganin ƙwari ko sinadarin masana'anta ba ta komawa ta ruwan sha, ko an wanke ta sau nawa. Sannan ruwan da za a sha a sa masa magani, kamar na famfo.

Burtsatse fa? Ai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi tsafta.

Sau da yawa ya fi, amma ba kullum ba. Ƙarƙashin birnin Kano dutse ne, ruwan yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da cikin tsagoginsa, don haka burtsatse da yawa ba su da zurfin da ake zato. Ana ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A unguwar da fili ɗaya aka yanka shi gida uku, kowane gida da shaddarsa da sokawe, ina za a samu mita 30? Abin da ke ceton burtsatse a irin wannan wuri shi ne a toshe kewayen bututunsa da siminti daga sama zuwa ƙasa sosai, kuma nan ne masu haƙa na araha suke yin ƙwange.

Matsalar da ta fi yawa a irin waɗannan rijiyoyi, ban da ƙwayoyin cuta, ita ce naitiret, wanda ke tsiyayowa daga masai da taki. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Babba ba zai ji komai ba, jariri kuwa yana hana jininsa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi.

Wani haɗarin kuma daga dutsen kansa yake fitowa. A Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, an shayar da gari daga rijiya mai zurfi tun tsakiyar shekarun 1980, ruwa garau, ashe fuloraid, wani ma'adini da ke narkewa daga dutse, ya yi masa yawa ƙwarai. Kafin a farga, yara masu yawa haƙoransu sun dafe, ƙasusuwansu sun lanƙwashe. Iyakar fuloraid miligiram 1.5 ce a lita, kuma gwaji ne kaɗai ke nuna shi. Duk wanda ya kashe miliyoyi ya haƙa burtsatse, bai kamata kuɗin gwaji ya gagare shi ba.

Ana cewa dattin masana'antu na shiga kogin da ake ɗebo mana ruwa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne majemun fata da masaƙu na Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sakin ruwan aikinsu a magudanan da ke ƙarewa a Kogin Challawa, na Bompai kuma suna bi ta Getsi da Jakara. Jimar zamani tana amfani da kuromiyum, kuma masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna shi da wasu ƙarafa a waɗannan magudanai. Iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.05 ce a lita.

Nawa ne ke kaiwa famfo ya dogara da inda matata ke jan ruwanta, da yawan ruwan kogi a wannan lokaci, da kuma aikin alif, wanda kan kwantar da wani kaso na ƙarafan tare da laka. Waɗanda suka fi shiga haɗari kai tsaye su ne masu rijiyoyi a gefen magudanan, da masu noman rani da ke ban ruwan latas da kabeji da wannan ruwa. Kulorin ba ya cire ƙarfe, tafasawa ma haka. Maganin wannan yana bakin masana'anta, a tace dattin kafin a sake shi, kuma aikin hukuma ne ta tilasta hakan.

Dalma fa? Na ji labarin wani gari a Amurka.

Flint ke nan, a jihar Michigan. A watan Afrilun 2014 aka sauya wa garin tushen ruwa zuwa Kogin Flint ba tare da sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututan dalma, gubar ta shiga jinin yara, jami'ai kuma suka daɗe suna cewa ruwan lafiya yake. Mu nan mun san dalma ta wata hanyar: a Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, amma daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje, ba daga famfo ba.

A gidajenmu inda dalma kan iya fitowa shi ne kan famfo da mahaɗan tagulla marasa inganci da tsohon liƙin bututu da aka yi da ita. Ruwan da ya kwana cikin bututu shi ya fi ɗaukarta. Da safe a bar famfo ya ɗan zuba kafin a tari na sha, kuma kada a yi girki ko haɗa abincin jariri da ruwan da ya fito daga hita. Iyakar da aka sa miligiram 0.01 ce a lita, amma likitoci ba su san wani adadi da za a ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba.

Tafasawa ta wadatar?

Ga ƙwayoyin cuta, ta wadatar. Ruwan ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya, a sauke, a bar shi ya huce a rufe a cikin tukunyar. Ba sai an yi minti ashirin ana ƙona gas ba. Amma ba ta cire dalma, naitiret, fuloraid ko zartsi, hasali ma in ruwan ya ƙone sai su ƙara yawa a abin da ya rage.

Gas da gawayi sun yi tsada. Akwai wata hanya?

Akwai, kuma mafi araha ita ce kulorin na gida, irin su WaterGuard na ruwa da ƙwayar Aquatabs. A bi awon da ke jikin kwalba ko takarda, a girgiza, a jira minti 30. Ribarsa a kan tafasawa ita ce yana zama cikin ruwan ya ci gaba da tsaronsa a randa. In ruwan ya yi kauri, a fara kwantar da shi, domin laka na cinye maganin.

Wajen kwantarwa, alif kaɗan ya isa. 'Ya'yan zogale busassu ma suna yi: a ɓare, a daka, a dama garin a ruwan, a bar shi awa ɗaya ko biyu, a tsiyaye na sama. Sai dai mutane da yawa a nan suke tsayawa, sun ga ruwa ya yi garau sun ɗauka an gama. Alif da zogale share fage suke yi, kisan ƙwayoyin sai wuta ko kulorin.

Rana ma tana aiki, kuma ba mu rasa ta ba. A cika gorar roba fara mai haske, wadda ba ta wuce lita 2 ba, da ruwan da ba shi da laka, a kwantar da ita a kan kwano awa 6 cikin rana tsaka. In akwai hadari ko hazo mai kauri, kwana biyu. Tacewa da ƙyalle mai tsafta da aka ninka sau huɗu tana rage datti, kuma irin wannan tacewa na cikin abin da ya taimaka aka kawar da kurkunu, har aka tabbatar wa Najeriya ta rabu da shi a 2013. Amma ƙyalle shi kaɗai ba ya tare ƙwayar taifot.

Mun tafasa, mun sa magani, yara kuma ba su daina gudawa ba. Ina matsalar?

A duba randa. Randa na sanyaya ruwa, amma bakinta faɗi ne, kuma moɗa ɗaya kowa ke tsomawa. Yaro ya fito daga banɗaki, ya ɗauki moɗar daga ƙasa, ya zura hannu har wuyan hannu, aikin da uwar gida ta yi tun asuba ya tashi a banza. A samu randa ko bokiti mai murfi da kan famfo a ƙasa, ko moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, wadda ba a sha da ita, sai dai a zuba a kofi. A wanke mazubin da sabulu kafin a sake cikawa, kada a yi ta ƙara sabo a kan tsoho.

Tankin sama kuma a leƙa shi. Murfi ya tashi da iska, ƙura ta shiga, ƙadangare ko tsuntsu ya faɗa, ba wanda ya sani sai wari ya fito. A wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, a ɗaure murfin. Tankin ƙasa ya fi haɗari in yana kusa da sokawe ko ya tsage.

Kuma ba kowace gudawa ce ta ruwa ba. Hannu, ƙuda, kwanon abinci, salak da aka wanke da ruwan kwata, ƙanƙarar da aka jefa a zoɓo, duk hanyoyi ne.

Fiya wata ba ya fi duk wannan wahala ba?

Na kamfanin kirki yana da kyau, na bayan gida kuwa ruwan burtsatse ne aka ɗura a leda. A duba lambar NAFDAC, sunan kamfani, adireshi da ranar da aka yi shi, ko da yake lambar ma ana buga ta bogi. A guji wanda ya daɗe a rana, ko mai ɗanɗanon roba, ko mai wani abu na yawo ciki. Bayan ledar kuma abin lura ne: ta kwana cikin ruwan ƙanƙara, ta bi hannun mai talla da ke karɓar kuɗi, sannan mu sa haƙori mu fasa. A goge ko a ɗauraye kafin a kai baki. Ledar da muka yar kuwa ita ce ke toshe kwatar da bututanmu ke kwance ciki.

Wane ruwa zan ba jariri?

Kafin wata shida, babu. Nonon uwa ya ishe shi har a zafin Afrilu, uwar ce za ta ƙara shan ruwa. Idan dole ta sa ana haɗa masa madarar gwangwani, a tafasa ruwan kowane lokaci, kuma in na rijiya ko burtsatse ne a tabbatar an gwada naitiret ɗinsa. Bayan wata shida a ba shi tafasasshe a kofi, ba a bulumboti ba, don kofi ya fi sauƙin wankewa.

Ta yaya zan gwada ruwan gidana? Wani mai sayar da na'urar tacewa ya gwada mana, ruwan ya koma baƙi.

Wannan wasan an daɗe ana yi. Sandunan ƙarfe ne yake tsomawa ya haɗa da lantarki, baƙin da ka gani ƙarfen sandarsa ne ke narkewa. Ko ruwan gora mai tsada ya tsoma haka zai yi, muddin akwai ɗan gishirin ma'adini a ciki. Ƙaramar na'urar da ke nuna lamba ita ma yawan ma'adinan da suka narke kawai take aunawa. Ƙa'idar Najeriya ta sa iyakarsu a miligiram 500 a lita, amma ruwa zai iya nuna 80 yana ɗauke da kwalara.

Gwaji na gaske a ɗakin gwaje-gwaje ake yi, irin na jami'o'i kamar Jami'ar Bayero, na hukumomin ruwa, ko masu zaman kansu da aka amince da su. Ka nemi a duba E. coli, naitiret, fuloraid, dalma da kaurin laka, a ƙara kuromiyum in kana kusa da masana'antu. Karɓi kwalbar ɗiba daga wajensu, kada ka wanke ta gida ka kai, kuma ka mayar cikin 'yan sa'o'i a cikin sanyi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar damina, sa'ad da ruwa ya fi lalacewa. Na famfo kuma akwai 'yar ƙwayar gwajin kulorin da ake jefawa a ruwa: in ya yi ruwan hoda akwai saura, in bai canza ba babu.

In bututu ya fashe ko ruwa ya zo da ƙazanta, wa za a gaya wa?

Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Kano ce ke da alhakin layukan gari, sai a kai rahoto ofishinta mafi kusa. Ƙorafin mutum ɗaya kan kwanta a tebur, don haka a haɗa kai da mai unguwa da kansila, a rubuta takarda da sunan layi da ranar da abin ya fara, a ɗauki hoto, a ajiye kwafi. In shiru ya yi yawa, shirye-shiryen ƙorafi na gidajen rediyon Kano sun sha tayar da jami'ai daga kujera. Idan kuwa gidaje biyu ko uku a layi ɗaya suka kamu da amai da gudawa a lokaci guda, wannan ya wuce maganar famfo: a sanar da asibiti mafi kusa ko jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.

Siririn bututun da ya taso daga babban layi zuwa gidanka kuwa, kai za ka kula da shi. In yana cikin kwata, ku haɗa kuɗi da maƙwabta a kira mai gyaran famfo ya ɗaga shi sama da ruwan kwatar, ya sauya haɗin tsumman roba da mahaɗi na gaske.